Ɗacin Maƙesu

Bari in fara da abin kunyata tun kafin wani ya riga ni faɗa muku. Ni Ilu, wanda duk Gure ake kira Ilu Maiƙwari, na taɓa tauna tsutsa da ranta a gaban mutane, da furfurata, da jikoki a gida. Ba yunwa ba ce, ba kuma boka ne ya ba ni a matsayin magani ba. Hassada ce tsagwaronta. Taunawar ma da sauƙi. Abin da na faɗa bayan na haɗiye shi ne ya kashe ni. Za mu zo wurin.

Ku samarin yanzu kun ɗauka kamun ƙwaro wasa ne. Mutum ya ga ƙwaro a bango, ya ɗora masa talho, wayar hannun nan taku, talho ya faɗa masa suna da Turanci, sai ya juyo ya ce, "Baba Ilu, ashe wannan ne aikin da ka ƙare rayuwarka a kai?" To, ku zauna ku ji.

Lekkol, wato makarantar boko, damina biyu na yi na gudu, ni da bulalar mushe, malamin ajinmu, ba mu jitu ba. Wata shekarar fara aka ɗauke ni lebura a ma'aikatar gona, ina goya tankin feshi. A nan na haɗu da Tsoho Maina, wanda shi ne mai tara ƙwari na ma'aikatar. Ɗakinsa warin kafur yake yi har ƙofa, akwatuna jere, kowane da murfin gilashi, ciki ƙwari sun yi sahu kamar masu sallar idi. Ranar farko ya miƙo mani fara ɗaya da allura doguwa siririya, ya ce in soke. Na soke ta ta ciki na fito ta baya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai ɗan mahauta ne? Tsire na sa ka yi?" Fara a doron wuya ake soke ta, ɗan dama kaɗan. Mai taurin fiffike kuwa, irin su buzuzu, a fiffiken dama, don hagu ya zauna lafiya ga wanda zai duba. Ƙafafu ana jera su tun jiki bai sandare ba. In ka yi jinkiri, ka taɓa, su karye kamar busasshiyar ciyawa.

Akwatina na farko wata guda na yi ina cika shi. Abin toshe kwalba da Turawa ke shimfiɗawa a ƙasan akwati ya ƙare, sai muka koma yanka totuwar kara muna jerawa, kuma wallahi ta fi riƙe allura. Na ajiye akwatin a kan tabur ranar Juma'a. Ranar Litinin na tarar da allurai tsaye, kowace da ɗan gari a gindinta. Kiyashi sun yi walima. Maina bai yi faɗa ba. Gwangwani huɗu ya ba ni, ya ce in zuba kananzir in tsoma ƙafafun tabur, in koma daji in sake.

Amma duk wannan hannu ne, kowa zai iya koya. Sana'ar tana cikin ƴar takardar da ake sokewa a ƙarƙashin ƙwaron, wadda ba ta kai farcen babban yatsa ba. Etiket ake ce mata. Abu uku ake rubutawa: inda aka kama, ranar da aka kama, da wanda ya kama. Maina yakan ce ƙwaro marar etiket shara ne, ƙwaro mai etiket ɗin ƙarya kuwa guba ne, don wani zai zauna a Yamai ko a ƙasar Turawa ya gina magana a kansa, bai san ka zuƙa ba. Dokarsa ɗaya ce: abin da ka gani ka ce ka gani, abin da ba ka sani ba ka ce ban sani ba. Saboda wannan ƴar takarda na koma na koyi baƙi da girmana. Allah ya taimake ni sunana gajere ne, baƙi uku na gama. Ina gaya muku akwai akwatunan da ban san ƙasar da suke ba yau, amma ILU yana ciki, ƙarƙashin allura. Wasu mutane gidaje suka gina. Ni wannan na gina.

Masu zuwa neman aikina iri-iri ne. Ƴan ma'aikatar gona, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi suke so. Ɗalibai kuwa komai suke so, da gaggawa, kuma su tafi ba sallama. Akwai wani Bature da ba abin da ya kawo shi sai buzuzu. Sati uku ina bin gindin raƙuma a kasuwar dabbobi da cokali a hannu. Har yau akwai tsofaffin dillalai da in sun gan ni sai su ce, "Ilu, wancan ya ɗaga wutsiya, yi sauri."

Shekarar da ta fi muni ita ce wadda ruwa ya ɗauke hatsi na bununi, kuma baƙi suka daina zuwa saboda hanya ta lalace da tsoro. Maina ya riga ya rasu. Aka rufe ɗakin, kafur ya ƙare, ba mai sayo wani. Da aka buɗe, rabin akwatunan sun zama gari. Ni kuwa na koma kama fara da buhu, mai ɗakina tana soyawa, ina kaiwa tasha. Mutumin da ke jera ƙafar fara da tsinke, ga shi yana barbaɗa mata yaji. Ko a nan ɗin ma sai in tsinci kaina ina juya fara ina duba wace iri ce kafin in zuba wa mai saye.

Bayan abubuwa sun ɗan lafa ne Madam Rakiya ta zo daga Yamai. Malama ce a jami'a, ƴar siririya, da takalmin roba har gwiwa da karne, ɗan littafin rubutu, da ba ya barin hannunta. Ta ce maƙesu take so, ƙwaron nan mai wuta a gindi da ke yawo da damina. Na ce mata maƙesu kuma? Yara ma suna kama shi su shafa a goshi. Ta ce ba kamun ne ya dame ta ba, so take ta san inda wutar ta samo asali. Shi maƙesu dangin buzuzu ne, mai taurin fiffike, to me ya sa shi ya kunna, ƴan'uwansa suna cikin duhu?

Na ce, "Madam, ba Allah ne ya ba shi ba?"

Ta ce, "Shi ya ba shi, Baba Ilu. Ni sawun hanyar da aka bi aka ba shi nake bi."

Ta yi mani misali da maƙeri. Ta ce in maƙeri zai yi wuƙa, ai ba sabon ƙarfe yake haƙowa ba, tsohon ƙarfen mota yake samu ya buga. Haka a jikin kowane ƙwaro akwai wani abu da aikinsa sarrafa kitse ne. A kakannin maƙesu, cikin zamunna masu tsawon da ba a lissafa su da shekarun mutane, wannan abin ya riƙa sauyawa kaɗan-kaɗan har ya koma mai ba da haske. Ta ce akwai ma wani dangin ƙwaro a ƙetaren teku da ya kunna tasa wutar daban, da irin wannan tsohon ƙarfen. Abin da ake gardama a kai shi ne amfanin wutar tun farko. Sannan ta tambaye ni, "Ka taɓa ganin tsutsarsa? A littafi an ce ita ma tana haske, amma ta nan ƙasar ba wanda ya kawo mana."

A nan ya kamata in ce ban sani ba. Sai na ji bakina ya ce, "A nan ba a ganinta."

Maƙesu sai wuri mai laima, don haka na kai ta wani kwari kusa da Gidigir, irin kwarurrukan nan da za ka gangaro daga tudun rairayi ka tarar da dabino da rake da rogo kore shar. Ni da ƙafata na kai ta lambun Bukar. Bukar ɗan kawuna ne, wato taubashina, tun muna yara kowa na kiran wani bawansa. Bamange ne na gaske, Hausarsa har yau mace "ya zo" yake ce mata. Bai taɓa taka ƙofar lekkol ba, bai taɓa riƙe allura ba sai ta ɗinkin buhu. Na zaɓi lambunsa ne don akwai inuwa, kuma matarsa ta iya shayi.

Kwana goma na yi ina nuna gwaninta. Ana idar da magariba suke tashi. Kuma ku ji sirrin: ba a kai wa wutar raga. In ka kai inda ka ga haske, ya riga ya wuce. Sai ka ƙirga tsakanin ƙyaftawa da ƙyaftawa, ka kai raga taki ɗaya gaba, cikin duhun da bai iso ba tukuna. Namiji ne ke yawo a sama yana ƙyaftawa, macen tana zaune a ciyawa tana amsawa in ta ga dama. Na cika mata akwati biyu, kowane da ILU a ƙasa. Tana ta cewa, "Baba Ilu, me ka gani yau?" ina faɗa tana rubutawa. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar kwanakin nan ba.

Bukar kuwa yana zaune a bakin rijiya yana cin goro yana mani dariya. "Bawana, tsoho da kai kana tsalle kamar ɗan akuya. In ka karye ba ni zan ɗauke ka ba."

Ranar sha ɗaya ya ce da Madam, "Wai me ya sa kuke wahalar bin iyayen a sama, ga ƴaƴan a ƙasa?"

Ya tashi, ya je bakin magudanar da yake ba rake ruwa, ya ɗaga wani ruɓaɓɓen reshen dabino da ƙafa. Ga su nan. Tsutsotsi baƙaƙe masu faɗi, jiki gaɓa-gaɓa, kowace da ɗigon haske biyu a wutsiya, ba ƙyaftawa, a kunne kawai. Ɗaya ta cusa kai cikin katantanwa tana ci. Madam ta durƙusa cikin taɓo da zanenta mai kyau. Ya ƙara tona laka da yatsa ya nuna mata ƙwai, su ma da ɗan haske kamar garwashin da toka ta rufe.

Abin da ya ƙona mani rai, na san tsutsar nan. Shekara da shekaru ina ganinta ina turewa da takalmi. A wurina abin da ba shi da fiffike ba maƙesu ba ne, kuma abu mai laushi in ka soke shi ƙanƙancewa yake yi, ba ya kyau a akwati. Ido na sama na yi ta horarwa, shi kuwa mai ban ruwa kullum kansa a sunkuye yake.

Madam ta ce, kamar da kanta take magana, "Tsutsa ba ta neman miji. Ƙwai ba ya neman miji. To wa suke kunna wa?"

Bukar ya tofar da goro ya ce, "Kaji dai ba sa cinta. Ɗan tsako in ya caka sau ɗaya, sai ya yi ta goge baki a ƙasa, ba ya ƙarawa har ya tsufa. Kwaɗo ma in ya ga hasken juyawa yake. Ɗaci gare ta."

Na ga yadda bik ɗinta yake gudu a karne. Ta ɗago ta ce masa, "Baba Bukar, ka san abin da ka faɗa? In haka ne, wutar nan ta kashedi ce tun farko. Tsutsa na cewa ku gan ni da kyau, ni ce mai ɗacin nan, kada ku taɓa. Daga baya ne manyan suka ɗauke ta suka mayar ta wutar zance." Baba Bukar. Kwana goma ni ne Baba a lambun nan.

Washegari da hantsi muna zaune ƙarƙashin dabino, ta zuba tsutsotsin a faranti tana aunawa, Bukar yana ta ba da labarin kajinsa kamar wani limamin ƙwari, matarsa na zuba shayi, direban Madam yana gyaɗa kai. Na ce, "Madam, kada ki rubuta maganar kajin Bukar. Kajin Bukar wauta suka gada wurin mai su. Ko tsaba ka watsa musu sai sun yi shawara."

Bukar ya ce, "To kai da ka fi kaza hankali, ɗanɗana mana."

Wasan taubashi ne, kowa ya san wasa ne. Ni ne na mayar da shi gaske. Na kai hannu na ɗauki mai ƙiba, na jefa a baki, na tauna.

Jama'a, na sha nibakin, ƙwayar zazzaɓin nan, ba ruwa, na sha jiƙon maɗaci, na ci garahuni. Duk zuma ne. Ɗacin nan bai tsaya a harshe ba, sai da ya hau mani har cikin kunne, ya sauka ya riƙe mani wuya. Idona ya kawo ruwa, na ce hayaƙin shayi ne. Na haɗiye.

Madam ta tsorata, ta ce, "Baba Ilu! Me ya kai ka?" Da ta ga ban faɗi ba, sai ta jawo karne. Ta yarda da ni, kun gane, ni ne mai sana'a a wurin. Ta ce, "To tunda ka riga ka yi, gaya mani. Da ɗaci?"

Na ce, "Babu. Kamar ɗanyen wake."

Ta rubuta. Ina kallo ta rubuta, da sunana a gefe. Bukar kuwa kallona kawai ya yi, ya tura mani kwanon dabino. Na zaga bayan rijiya na yi ta kurkure baki. Kwana biyu ko tuwo na ci, ɗanɗanon tsumma nake ji.

Kwanakin da suka rage mata kafin ruwa ya ɗauke ba su da yawa, kuma ta yi niyyar zuwa wani kwarin wajen Kelle ta gwada na can da na nan. Saboda maganata ta fasa. Mutum biyu sun ba ta magana biyu, dole ta raba gardama. Ta sa aka kamo kwaɗi aka zuba a bokiti, aka kamo tsaka, aka aro ƴan tsaki daga maƙwabta waɗanda ba su taɓa shiga lambu ba. Ni na kama mata kwaɗin da hannuna, ina sane da abin da za su faɗa. Kowace safiya in ce yau zan gaya mata, in ga Bukar ya taho da hularsa a karkace, in fasa. Kwaɗi da tsaka da ƴan tsaki aka ba su tsutsar, ɗaya bayan ɗaya suka tofar. Wani kwaɗon har da sa hannu yana share harshe, kamar yana kwaikwayona.

Ba ta yi mani faɗa ba, da ma ta yi. Ta buɗe karne, ta koma baya shafi da yawa, ta ja layi ɗaya a kan wani rubutu, ta rufe. Ruwa ya ɗauke, Kelle ba ta samu ba. Daga ranar har ta tafi tana gaishe ni da ladabi, tana ba ni allura da akwati, tana yaba jerin ƙafafu. Amma "me ka gani?" Bukar ake tambaya. Hannuna ta ci gaba da ɗauka aiki, bakina ta sallama. Tsutsotsin a ƴan kwalabe aka zuba su cikin alkol don kada su ruɓe, kowace kwalba da etiket ɗinta, kuma ba ni aka ba rubutun ba.

To kun ji, ku masu talho. Talho zai faɗa muku sunan ƙwaro. Ba zai ɗaga muku reshen dabino ba, ba kuma zai hana ku ƙarya ba ranar da ɗan kawunku ya fi ku.

Bayan damina biyu, wata ranar kasuwar Gure, ina zaune a rumfar mai shayi da abokai, sai ga Bukar ya sauko daga mota da ambulan a hannu, ya naɗe ta cikin leda. Direban Madam ne ya bi ta Gidigir ya ba shi. Ya zauna a kan tabarmata ba izini, ya zaro takardu. Rubutun Turanci ne ƙanana, da hoton tsutsar nan babba, ɗigon wutarta biyu, da hoton ƴar kwalba da etiket a ciki.

Ya ce, "Bawana, an ce sunana na nan. Ni ko a hanya na haɗu da shi ba zan gane shi ba. Kai ne mai lekkol, karanta mani."

Na karɓa. Na fara neman baƙi ukun nan nawa tukuna, ba zan ɓoye muku ba. Na same su can ƙarshen shafi na ƙarshe, wurin godiya, bayan sunan direba. Sannan na dawo kan kwalbar, na ɗora yatsa, na bi baƙaƙen ɗaya-ɗaya da ƙarfi yadda kowa zai ji. Bukar Ari. Gidigir. Wanda ya kama.

Ya ce in sake. Na sake.

Ya karɓi takardarsa, ya naɗe a leda a hankali, ya sa a aljihun gaba. Ya ɗauki kofin shayina ya kurɓa. Sannan ya leƙo fuskata ya ce, "Ka yi irin fuskar ran nan. Taubashi, tsakaninka da Allah, wanne ya fi ɗaci, wannan ko waccan?"